Motar da Ke Mutuwa a Mabai

Shekarun da kuɗin mai suka sake kwararowa ƙasar nan, har mu na karkara muka ji ɗuminsu, yayana ya sayi mota. Ba wai gwamnati ta ba shi ko sisi ba, masara ce ta yi mashi. Masu gidajen kaji na birni sun buɗe baki, duk buhun da ya fito daga Sabuwa da Faskari sai sun haɗiye shi, shi kuwa Yaya Allah ya ba shi idon saye. Kaka biyu ya yi yana tara hatsi yana saki, a ta ukku ya tafi Ikko ya dawo da motar ɗaukar kaya 'yar Beljiyam, fara, mai shan gas. A ƙofar gidanmu na Kankara ya miƙo mani makulli ya ce, “Ga ta nan. In ka kashe ta, kai ma ka bi ta.” Haka Yaya ke nuna ƙauna, ba shi da wata hanyar.

Kafin nan na daɗe ina jan motocin mutane, tsofaffi, waɗanda famfon gas ɗinsu ƙarfe ne zalla. In ya yi gardama ka kwance, ka hura, ka ɗan buga mashi sifana ya dawo hayyacinshi. Wannan kuwa wayoyi ne ke shiga famfonta, kuma a ƙarƙashin kujera akwai wani akwati da aka ce mani shi ne ƙwaƙwalwarta. Na ce to madalla, ni da ita mun zama mu biyu masu ƙwaƙwalwa, ban sake bi ta kai ba.

Abin da ya tsaya mani a rai hon ɗinta ne. Wani ɗan siririn kuka take yi, bit-bit, kamar akuya mai mura. Ranar farko da na danna shi a tasha, direbobi suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Wanda bai yi tuƙi a hanyoyinmu ba ba zai gane ba, amma mu hon gaisuwa ne. Taɓawa ɗaya ta direba ɗan'uwanka ce in kun yi kiciɓis. Biyu ta mai shayi ce da 'yan tasha. Dattijon da kake ganin girmanshi kuwa, sai ka rage gudu, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka danna mashi mai tsawo yadda duk unguwa za ta san ka gaishe shi. To da wane baki zan gaida manya da wannan kukan akuya?

Sati bai zagayo ba na sayo hon mai kiɗa, bututu biyar, da ɗan injin lantarkinshi mai hura iska. In ka riƙe shi, waƙa guda yake rerawa daga farko har ƙarshe. Na kai ma wani rewaya a Kankara, mutum mai tsabtar aiki, ba zan zalunce shi ba. Ya jawo wayar hon ya bi da ita ta gefen famfo, ya haɗa ta da wayoyin da ya tarar a wurin, ya naɗe su tare da baƙin tef, gwanin kyau. Yana neman inda zai ɗaure ƙarshenta a jikin ƙarfe, sai ya ga wata 'yar waya ɗaure a kan noti. Ya bi ta da yatsa, ya ce wannan ba ta zuwa ko'ina, ya kwance ta ya sa tashi. Akwai kuma wani baƙin zobe mai nauyi maƙale a kan wayar famfon, yana hana tef kwanciya. Ya ɓalle shi ya jefar a kwata, ya ce, “Turawa da son tarkace.” Ni ina tsaye ina cin rake ina cewa, “Wallahi kuwa, Malam.”

Yanzu bari in gaya maku wanda na sayi hon ɗin nan dominshi. A Mabai akwai wani dattijo, aminin mahaifinmu tun suna samari. Baba muke ce mashi, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ya tsaya mana. Shi ya kama hannuna ya kai ni wurin direban da ya koya mani tuƙi, shi ya karɓar mani aure. Sana'arshi tufkar igiyar rama. Kullum yana gindin wata tsamiya a bakin hanya, igiya maƙale a babban yatsan ƙafarshi, yana murzawa a tafin hannu. Wurin ba ya rabuwa da mutane. Makiyaya na zuwa sayen igiya, masu rigimar iyakar gona na zuwa ya raba su, wasu kuma hira kawai ke kawo su.

Ranar farko na taho da lodin masara daga Faskari, mutum huɗu zaune a kan buhuna. Na hango tsamiyar, na rage gudu, na ɗaga ƙafa, na danna hon na riƙe. Kai, waƙar nan ta tashi, kaji suka watse, mata suka leƙo ta kan katanga. Waƙar ba ta kai rabi ba motar ta yi wata girgiza, ta yi tari sau biyu, ta mutu murus daidai gaban Baba.

Aka fashe da dariya. Baba ya aje igiya, ya dogara sandarshi ya taho. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya dafa ƙofar motar ya ce, “Bismillah, sake murɗawa mu ji.” Na murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Na miƙa mashi goron da na riƙo mashi, na wuce.

Zuwa na biyu, haka. Na ukku, haka. Duk ranar da na bi ta Mabai sai ta mutu a gindin tsamiyar nan, sai Baba ya taso ya dafa ƙofa ya yi bismillah, sai ta tashi. A sauran wurare kuwa lafiya lau. Wani lokaci in na taɓa hon nakan ji ta ɗan yi shaƙuwa, amma tana cikin gudu, ban taɓa kawo komai ba. Na kai ta wurin makanikai. Aka canza matatar gas, aka wanke tanki, aka zagi masu gidan mai da cewa suna haɗa gas da kananzir. Wani ma ya ce iska ce ta shiga famfo, ya ɓata mani yini guda yana fitar da iskar da babu ita. Na koma Mabai, ta mutu.

Ni a lokacin abin har daɗi yake mani, don ina samun tsayawa mu gaisa. Amma mutanen da ke hawa kan buhuna suna da ido, suna da baki kuma. Magana ta faro daga teburin mai shayin Mabai. Wai mota tun daga Sabuwa ba ta mutu ba, ta haye gada, ta hau tudu, sai a gaban mutum ɗaya? Wai kuma ba ta tashi sai ya taɓa ta? Wai ku lura da hannunshi, kullum yana ƙulla igiya, wa ya san abin da yake ƙullawa? Kafin wata ya cika, maganar ta riga ni isa Kankara, an ƙara mata gishiri da yaji. Tsohon nan ɗaure motar yake don a tsaya a ba shi goro. A'a, baƙin ciki yake 'ya'yan amininshi sun yi arziki.

Yaya ya kira ni zaure. Ya ce ya tuna ranar da muka kai ma Baba motar ya sa albarka, tsohon ya zagaya ta ya ce, “Allah ya sa ku fi ƙarfinta.” Na ce, “Haba Yaya, wannan ai addu'a ce, kowa ma haka yake cewa.” Ya ce, “Kowa ne motar ke mutuwa a gabanshi?” Ya ce daga yau in na zo Mabai kada in rage gudu, kada in taɓa hon, in wuce shiru yadda tsohon ba zai ankara ba balle ya shirya. Na yi gardama, amma gaskiya ban yi da yawa ba. Mota tashi ce, kuma ni ma wani abu ya fara yi mani rarrafe a zuciya.

Ranar da na fara wucewa shiru, hannuna har ƙaiƙayi yake don son danna hon. Na taka totur, na kafe idona a ɗaya gefen hanya kamar ina duban wani abu a gonar dawa. Motar ta wuce Mabai ko tari ba ta yi ba. Waɗanda ke kan buhuna suka yi ta buga rufin mota suna kabbara. Shi ke nan, hujja ta cika. In bai ji zuwanmu ba, ba ya iya ɗaurewa.

Ina jin kunyar faɗar wannan, amma zan faɗa: ni ma na yarda. Ba duka ba, amma isasshen da zai sa in ci gaba da wucewa. Na riƙa lura ta wutsiyar ido mutanen gindin tsamiya suna raguwa. Na ji an ce wani makiyayi ya mayar da igiyar da ya saya, wai ba zai ɗaure saniyarshi da ita ba. Na ji an yi suna a maƙwabtansu goro bai kai mashi ba, mutumin da a da ba a raɗa suna a unguwar sai yana wurin. Daga baya ma na daina ganinshi a bakin hanya gaba ɗaya, tabarmar ma babu. Allah ya yafe mani, sauƙi na ji.

Ana nan sai wani abokina ya roƙe ni in kai kayan ɗakin ƙanwarshi garin Ruwan Godiya. Yaya ya ce a je. Aka ɗora gado da katifa da kwalla da kwanuka, mata suka cika bayan mota suna waƙa tun daga hanya. Da muka shiga garin na rage gudu saboda mutane, ana guɗa ta ko'ina, ni kuma kaina ya ɗau zafi. Tun da aka hana ni gaida Baba ban sake jin waƙar hon ɗina cikakkiya ba. Na ce yau dai sai garin nan ya san an kawo amarya. Na danna na riƙe.

Ta girgiza, ta yi tari sau biyu, ta mutu.

Na zauna riƙe da sitiyari. Daga nan zuwa Mabai tafiya ce mai nisa, babu tsamiya, babu igiya, babu wanda ya dafa ƙofa. Na murɗa makulli, ta tashi. Na bar ta a silo, na sake danna hon na riƙe, ta mutu. Na sake tayarwa, na sake dannawa, ta sake mutuwa. Wata gwaggon amarya ta leƙo ta taga ta ce, “Kai direba, wasa muka zo yi ko kawo kaya? Rana na dukanmu!” Na ce, “Yi haƙuri Hajiya.” Gumi ne ke zuba mani har cikin ido, ba kuma na rana ba. Na gane hon ne, ko da yake ban san ta yaya ba.

A Sabuwa akwai wani mai gyaran famfon gas da ke zuwa ranar kasuwa da akwatin kayan aikinshi. Gajere ne, tabaranshi ɗaure da zare, kuma ba ya gaisuwa mai tsawo. Na ba shi labari, ban sa Baba a ciki ba. Ya sa aka ɗaga kan motar, ya bi wayoyi da yatsa har ya isa wurin baƙin tef ɗin nan mai kyau. Ya warware shi. Ya ga 'yar wayar da aka kwance tana lilo. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Wa ya yi maka wannan aikin?”

“Wani ne a Kankara, Malam.”

“Kai kana ina?”

“Ina tsaye.”

“Allah ya shirye ku ku duka biyu.”

Ya nuna mani wani ɗan abu kamar kan yatsa a jikin famfon, ya ce sunanshi sansa. Aikinshi shi ne ya riƙa gaya ma ƙwaƙwalwar mota yadda injin ke juyawa, ita kuma ta san lokacin da za ta ba da gas da yawan da za ta bayar. “Amma raɗa yake yi,” in ji shi. “Wutar da ke bin wayarshi 'yar ƙanƙanuwa ce, in injin na silo ma ta fi ƙanƙanta. Kai kuma ka ɗauko maroƙi ka zaunar da shi daidai kunnenta.” Maroƙin shi ne injin hon ɗina. Duk lokacin da yake juyawa, tartsatsi yake yi a cikinshi, hayaniyar ta bi wayarshi ta tsallaka cikin wayar sansa tunda an naɗe su tare. Ƙwaƙwalwa ta ji surutu ya cakuɗe, ta rasa gane me injin ke ciki, sai ta rufe gas don kada ta yi ɓarna. In mota na gudu muryar sansa na da ƙarfi, taɓa hon sau ɗaya ba ya komai. Amma a rage gudu, a ɗaga ƙafa, a riƙe hon, to an gama da ita.

Ya ɗan yanka robar wayar sansa ya nuna mani wata saƙar siraran wayoyi da ta lulluɓe ta ciki. Ya ce wannan riga ce, ita ke tare hayaniyar waje, ta zubar da ita a jikin ƙarfen mota ta wannan 'yar wayar da aka ce ba ta zuwa ko'ina. Baƙin zoben kuma rariya ne, yana tace abin da ya kuɓuce ma rigar. Na ce mashi zoben na cikin kwata a Kankara. Ya ce ya sani, duk can suke ƙarewa.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya raba wayoyin, ya bi da ta hon ta wancan gefen injin. Ya mayar da 'yar wayar kan notinta bayan ya kankare tsatsa. Ya zaro wani zoben daga tarkacen akwatinshi ya maƙala, ya ɗaura wata 'yar kwandansa a bakin injin hon don ta shanye tartsatsin tun daga tushe. Ya ce in tayar in danna. Na riƙe hon ɗin nan har masu awon hatsi suka fara zagina, injin ko gezau.

Na ce, “Malam, in ina son ta sake mutuwa fa?”

Ya cire tabarau ya goge. “Kai lafiyarka ƙalau kuwa?”

Sai na ba shi labarin Baba. Nan take ya daina yi mani ba'a. Ya nuna mani abin da zan kwance da inda zan kwantar da waya, ya sa na yi a gabanshi sau biyu har hannuna ya iya.

Washegari da hantsi na ɗauko Yaya, ban gaya mashi komai ba sai da muka tsaya gaban teburin mai shayin Mabai. Na sa aka kira duk wanda ke kusa. Na ɗaga kan mota, na tayar, na danna hon, waƙa ta ƙare injin na aiki. Na kwance 'yar waya, na cire zobe da kwandansa, na kwantar da wayar hon kan ta sansa, na ce ma mai shayin, “Zo ka danna da hannunka.” Ya danna, ta mutu. Na ce, “To ashe kai ne mai ɗaure motoci!” Aka kwashe da dariya, shi ban da shi. Na mayar da komai, ya danna, ba ta mutu ba. Sau ukku na yi haka, ina yi ina faɗa, na manta ma da akwai waɗanda suka girme ni a wurin.

Ka san mutane. Nan take kowa ya zama dama shi bai taɓa yarda ba. Wannan ya ce shi tun farko ya ce a bincika, wancan ya ce ai tsohon nan mutumin kirki ne, wa zai ce ba haka ba. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke su tas, sai na tuna wanda ya riƙa wucewa yana kallon gonar dawa. Na rufe bakina. Yaya kuwa ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, “Mu je.”

Muka tarar da Baba a zaurenshi, igiya a yatsan ƙafa, yana tufka shi kaɗai. Ya rame. Ya amsa sallamarmu da fara'a, ya jawo mana buzu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar jiya muka rabu. Yaya ya durƙusa, mutumin da ban taɓa ganin gwiwarshi a ƙasa ba in ba a salla ba, ya ce, “Baba, mun zalunce ka.” Ni kuma na kama bayani, sansa, zobe, rigar waya, ina zuba kamar ni na ƙera motar. Ya saurare ni har na gaji na tsaya.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ashe waya ce.” Ya murza igiyarshi sau biyu, ya dubi Yaya. “Ka tashi, Alhaji, ba komai. Maganar ɗaure mota tun ranar da aka fara ta aka kawo mani. Ban ji daɗi ba, amma na girmi maganar.”

Sai ya juyo wurina.

“Kai dai, ɗana, tun daga gada nike gane kukan injinka. In aje igiya, in gyara zama, in ɗaga hannu. Ranar farko na ce bai gan ni ba. Ta biyu na ce halan sauri shike. Ta ukku na ga ka juyar da kai. Har sau bakwai ina ɗaga hannu.”

Na ce, “Baba, shi ya sa ka bar gindin tsamiya? Don mutane sun watse?”

Ya ce, “A'a, mutane su yi ta tahiyarsu. Kai na duba. Kana tahe da gudu, da lodi, ga mutane bisa buhuna, kana kallon gefe don kada mu haɗa ido, ga kuma kwana a gabanka. Na ce in na ci gaba da zama nan, wata rana yaron nan rami zai faɗa saboda ni. Shi ne na shigo ciki don ka riƙa kallon hanyarka.”

Ni da ba a taɓa rufe mani baki a tasha ba, sai ga ni durƙushe a gaban tsohon. Na kifa kaina a kan gwiwarshi, a gaban Yaya, na yi kuka kamar ranar da aka binne mahaifinmu.